Taya ta cinye ta ciki, waje kamar sabuwa: ina laifin yake?

Ɗan yayata ya sayi BMW mai ƙofa biyu, ƙirar 2009, irin motocin tseren nan da ke kwance a ƙasa kamar damo yana shan hantsi. Wata bakwai da sa mata sababbin tayoyi, muna tsaye wajen wani mai faci a kusa da Wunti, yaron shagon ya durƙusa zai ƙara iska a ƙafar baya ta dama. Ya zura hannu ta bayan tayar, sai ya janye da sauri yana yarfe yatsa. Waya ce ta soke shi. In ka tsaya daga gefe, tayar nan zanenta raɗau, babu wanda zai ce ta yi rabin rayuwarta. Ta ciki kuwa, wajen faɗin yatsu biyu, ta suɗe ƙwal har ƙarfen cikinta ya leƙo. Da wannan tayar ɗan yayata ya dawo daga Gombe daren jiya, kuma na san irin gudun da yake yi.

"Kawu, wallahi sau biyu na kai ta alaimen," in ji shi. Mai facin ya leƙa motar ta baya ya ce, "Alhaji, ai ga shi nan, ƙafafun sun kwanta. A miƙar da su kawai." Duk wanda ya tsaya a wurin ya yarda da shi, domin ido yana gani: tayoyin baya sun jingina ciki ta sama. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da masu gareji ke haɗawa su kira alaimen kusurwa uku ne, kuma kowace da irin ɓarnarta. Ta farko kamba. Ka tsaya a bayan mota ka dubi tayoyin: in samansu ya karkata ciki, ƙasansu ya buɗe waje, kamar mutum mai gwame, wannan ita ce kambar da mai facin ya gani. Ta biyu kasta, wato kwanciyar da ginshiƙin juya taya yake yi zuwa baya, irin yadda ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban babur bai tsaya cak ba. Ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka fita daga kwana. Kasta ba ta cika cin taya ba, sai dai in ta hagu da ta dama sun bambanta mota ta riƙa ja gefe, don haka na bar ta a nan. Ta uku ita ce inda bakin taya ya dosa in ka leƙo ta daga sama. In bakunan tayoyi biyu sun tsuke suna neman haɗuwa a gaba, masu aikin suna cewa to-in. In sun wage kamar tafiyar agwagwa, to-awut.

Gwamen nan na motar tsere ba ciwo ba ne, da shi aka haife ta. Idan mota ta shiga kwana da gudu, jikinta yana rinjaya waje, nauyi ya koma kan tayoyin waje, su kuma su nemi kifewa a kan kafaɗarsu. Sai masu ƙira suka karkatar da su ciki tun farko, digiri 1 zuwa 2 a yawancin irin waɗannan motoci, domin a tsakiyar kwana tayar ta zauna daram da dukan faɗinta. A titunan duwatsun Turai masu lanƙwashe-lanƙwashe, kwanar tana cin kafaɗar waje, miƙaƙƙiyar hanya tana cin ta ciki, lissafi ya kusa daidaita. Mu kuwa, daga Bauci ka ɗauki hanyar Alkaleri zuwa Gombe, mafi yawan tafiyar miƙe take. Gefen ciki ne ke ɗauke da kaya tun daga tashi har sauka. Saboda haka in tayar motar tsere ta fi cinyewa ta ciki da milimita 1 ko 2 a ƙarshen rayuwarta, wannan kuɗin ƙirar ne kake biya. Amma ta kai ga waya a wata bakwai, tsakiya na nan cike? Kamba ita kaɗai da wuya ta yi wannan.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamba ce daddawar, tana da nata, amma ɓeran shi ne saitin baki. Bambancin a bayyane yake: tayar da ta jingina tana gungurawa ne a kan gefe guda, wadda bakinta ya kauce kuwa ana jan ta ne a kan kwalta, kamar an ɗora ta a magagari. Mota tana tafiya gabas, tayar tana son tafiya gabas da ɗan kudu, kuma tunda a ɗaure take, dole ta goge. Yi lissafin da kanka. Kaucewar rubu'in digiri a rim mai inci 18 ba ta wuce milimita 2 ba tsakanin bakin rim na gaba da na baya, kaurin tsinken ashana ke nan, ido ba ya kamawa. Amma wannan tsinken ashanar yana nufin a kowace kilomita tayar na neman zamewa gefe fiye da mita 4. Bauci zuwa Gombe kimanin kilomita 150 ne, ka ga zuwa kaɗai ya haura mita 600, zuwa da dawowa fiye da kilomita guda. Robar tana lanƙwasa ta shanye wani abu daga ciki, saura kuwa a kan titi yake zama. Yanzu haɗa biyun: kamba ta tara nauyi a siririn gefen ciki, wagewar baki ta zo tana goga daidai wannan gefen. Abin da ya sami tayar ɗan yayata ke nan.

Hannu yana raba gardamar tun kafin a je ga na'ura. Shafa tafinka a kan zanen daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo daga ciki zuwa waje, a hankali, kada waya ta yi maka abin da ta yi wa yaron mai faci. In ɓangare guda sumul ne, ɗayan kuma yana kama fata kamar haƙoran zarto, taya tana goguwa gefe, laifin saitin baki ne. In gefe guda ya yi ƙasa amma sumul ta kowace fuska, kamar an fere shi da wuƙa, nan kamba ta fi ƙarfi. Tayar da muke magana a kai tana da haƙoran nan, har a ɓangaren da bai gama cinyewa ba. Wannan ba sabon abu ba ne a motocin tsere. Nissan 350Z na farko-farko, ƙirar 2003 da 2004, sun yi suna wajen cin gefen cikin tayoyin gaba da irin haƙoran nan da ƙugi mai damun kunne, kuma a saitin baki aka nemi maganin abin.

Bayan hannu sai tsinken ashana da rula, in babu ɗan gejin awon zurfi. Ka auna zurfin zane a wuri uku: waje, tsakiya, ciki, a kowace taya, ka rubuta. Tayoyin gaba ka murɗa sitiyari har ƙarshe su fito maka da cikinsu. Na baya sai ka kwanta da tocilan waya, babu dabara. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin milimita 8 ko kusa da haka. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tuddai da aka gitta, tsayinsu milimita 1.6, ranar da zane ya yi daidai da su taya ta ƙare, ko da a gefe guda ne kawai. Tamu ta dama ta ba da 6 a waje, 5 a tsakiya, sifiri a ciki. Ta hagu ta ba da 6, 5, 4. Wannan bambancin shi ne shaida mafi ƙarfi da muka samu. Kambar ƙira iri ɗaya ce hagu da dama, da ita ce mai laifi da tayoyin biyu sun cinye tare. Tunda guda ce ta mutu, wani abu ne ya sami ƙafar dama ita kaɗai.

Ba kowace cinyewa ce ta alaimen ba, kuma a nan mutane ke zubar da kuɗi. In tsakiya ya riga gefuna ƙarewa, iska ta yi yawa. In gefuna biyu sun riga tsakiya, iska ta yi kaɗan. Na sha ganin mai faci ya dura 45 ko 50 a ma'aunin iska na psi a kowace mota, wani ma da bugun ƙafa yake awo. Lambar da ke rubuce a jikin taya, 50 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wadda motar ke so tana kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, kuma sau da yawa gaba daban baya daban. Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. Iska tana hawa kusan psi 1 a duk ƙarin zafin digiri 5 zuwa 6, don haka awon da aka yi da sanyin safiyar hunturu ba shi ne na azahar ɗin Afrilu ba, lokacin da zafin Bauci ke taɓa 40 kwalta tana turiri. Wanda ya tsaya a Alkaleri ya ga iska ta hau ya sassauta ta, gobe da safe zai tashi da taya mai yunwa. Siririyar taya kuma munafuka ce. Ta Corolla mai lamba 195/65 bangonta ya kai milimita 127, in iska ta ragu za ka ga ta yi tumbi. Ta bayan motar ɗan yayata 255/35 ce, bangon milimita 89 ne kuma mai tauri, tana iya rasa iska mai yawa tana tsaye ƙyam.

In kuma ka shafa ta zagaye ka ji kwarmi-kwarmi a jere kamar tandar masa, ka nemi shokabzoba da ta mutu, ko balansin da ba a yi ba. Tayar tsalle take yi a kan titi maimakon ta manne. Irin wannan tana ƙugi har a zargi boris, a canza shi a banza. Gwajin mai sauƙi ne: ƙarar boris tana ƙaruwa ko raguwa in ka ɗan karkata motar hagu da dama, ƙarar taya kuwa tana sauyawa da irin kwaltar da ka hau. Wuri guda da ya baje kamar an daɓe shi, birki ne ya kulle taya ta ja. Samarin da ke juya mota a wajen biki har hayaƙi ya tashi kuwa ba sa bukatar bincike, sun san inda tayoyin bayansu suka tafi.

To me ya sa alaimen biyu ba su yi magani ba? Na tambayi ɗan yayata yadda aka yi aikin. Ya ce makaniken ya shiga ƙarƙashin gaba, ya kwance tayirod, ya juya, ya ɗaure, ya zaga da motar ya ce sitiyari ya miƙe. Baya fa? "Kawu, ana yi wa baya alaimen ne?" Ba laifinsa ba ne, ba ma laifin makaniken ba ne gaba ɗaya. Yawancin ƙananan motocin da hannunsa ya saba da su ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafunsu na baya, babu abin juyawa a can. Ko Ford Mustang, duk da sunanta, sai a ƙirar 2015 aka raba ƙafafun bayanta gaba ɗaya, kafin nan mafi yawansu sandar ƙarfe guda ce. Amma BMW irin tasa kowace ƙafar baya tana rataye ne da hannuwa da yawa, kuma akwai kusoshi masu karkataccen kai da ake juyawa a saita kamba da baki. Ƙa'idar aikin ma daga baya ake farawa, domin ƙafafun baya ne ke yanke inda mota ta dosa, na gaba bi suke yi. In baya ya karkace aka gyara gaba don sitiyari ya miƙe, an ɓoye ciwon ne kawai, motar tana tafiyar kaguwa mai ita bai sani ba.

Da aka ɗaga motar, wani dattijon makanike mai aikin ƙafa ya sa ƙarfe ya banƙara hannuwan ɗaya bayan ɗaya. Robar bushin ɗin hannun da ke riƙe bakin tayar dama ta tsage, hannun yana motsi. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ka faɗa rami da wannan ƙafar?" Ya yi shiru, sannan ya tuna wani dare da damina da ya ji ƙara har rediyo ya ɗauke. Rim ɗin ma ta ciki ya ɗan lotsa. Wannan ya sa nake ganin duk wanda ya hau da mota na'urar alaimen bai girgiza ƙafafunta ba, kuɗinka kawai yake so. Na'ura tana auna mota a tsaye. Bushin da ya mutu, ko boljoyin, ko kan tayirod mai wasa, yana iya ba da lamba mai kyau a gareji, da an taka totur ko birki ƙafar ta koma inda ta ga dama. A gaba, ka kama taya hagu da dama ka girgiza, sannan sama da ƙasa. Duk inda ka ji ƙwas-ƙwas, a canza kafin a yi maganar saiti.

Akwai abu biyu namu na gida da ke ƙara dagula lissafin. Da yawa cikin motocin nan da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas sun taɓa haɗari a Amurka, an gyara jiki an fesa fenti, ƙafa kuwa an bar ta da lanƙwasarta. In na'ura ta nuna kambar gaba ta hagu da ta dama sun yi nisa da juna, a motar da gabanta kusan babu abin saita kamba, to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, juya noti ba zai miƙar da shi ba. Na biyu shi ne ɗaga mota. Tuddan rage gudu na cikin gari da hanyoyin unguwanni kamar Gwallameji da damina suna sa mai motar tsere ya gaji da jin cikinta yana karta ƙasa, sai ya sa a cusa mata roba ko ƙarfe a kan sifirin ta ƙara tsayi. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ƙafar mota a kan baka take hawa da sauka, da zarar tsayi ya sauya, kamba da baki sun sauya tare. Wanda ya ɗaga ko ya sauke mota bai sake saiti ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Game da ja gefe, kada a yi saurin yanke hukunci. Tun 1972 muke tuƙi ta hannun dama, kuma ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali ba ciwo ba ne, faffaɗar taya ma ta fi bin duk wani kwari da manyan motoci suka haƙa a kwalta. In jan ya yi ƙarfi, musanya tayoyin gaba hagu da dama don gwaji. In ya koma ɗaya gefen, taya ce. In yana nan, ƙafa ce ko birki mai kamawa.

Wajen saitin kansa, ban raina mai zare ba. Masu tseren mota a ƙasashen waje har yau suna saita baki da zare da rula, kuma in ƙasa a daidaice take, mutumin ya san aikinsa, yana fita daidai. Na'urar kwamfuta da ba a daidaita ta ba, ko aka zaɓi wata mota daban a cikinta, ta fi zare ɓarna, domin tana ba ka takarda mai launin kore ka tafi da kwanciyar hankali. Abin da zan nema shi ne a gwada ƙafa huɗu, a daidaita iska tukuna, a nuna mini sunan motata da shekararta a allon, a ba ni lambobin kafin aiki da na bayan aiki. Wasu ƙirar BMW ma kamfanin ya ce a ɗora nauyi a kujeru a cika tanki kafin awo, domin tsayin motar ya zama na lokacin tafiya. Kore kuma fili ne mai faɗi, hagu tana iya zama a wannan bakin, dama a wancan, duka kore. Ka ce a kusanto da su juna. Ga mai yawan doguwar hanya, ra'ayina a rage kambar baya zuwa ƙaramin abin da kamfani ya yarda, a bar ɗan tsukewar bakin da aka ƙayyade. A miƙar da ƙafar tsaye cak kamar yadda mai faci ya ce, ko a cire tsukewar baya gaba ɗaya don tsimin taya, wannan kasada ce: mota ce mai tura kanta da baya, ranar da aka yi ruwa ta shiga kwana, gindinta zai riga kanta fita.

Saiti ba ya mayar da robar da ta tafi. Dabarar juya tayoyi da ke tsawaita rayuwarsu a sauran motoci ma a nan ƙofarta ƙunci gare ta. Gaban motar ɗan yayata 225/40 ne, baya 255/35, ba a kai na baya gaba. Taya mai kibiya a bango hanya guda take juyawa, in ana so gefen cikinta ya koma waje sai an cire ta daga rim an kai ta ɗaya ɓangaren. Wadda aka rubuta wa gefen waje da gefen ciki kuwa ba a kifa ta ko kaɗan. Robar tayar tsere kuma da gangan aka yi ta da laushi don ta kama titi, lambar juriyar da ke bangonta takan tsaya wajen 200 zuwa 300, ta motar iyali tana kai 500 ko fiye. Da ya fara zancen ko a samo 'yar Beljiyam guda a lallaɓa, dattijon ya nuna masa lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a bangon taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ya ce ya fara karanta wannan, sannan ya shafa cikinta da hannu, domin da yawansu irin ciwon nan ne ya sa masu su na farko suka yar da su.

A ƙarshe an canza hannun da bushin ɗinsa, an buga rim ɗin ya koma daidai, ya sayi sababbi biyu na baya, ta hagun mai 6, 5, 4 ta koma but. Kafin a taɓa komai na'ura ta nuna ƙafar dama a wage, ta hagu tana cikin ƙa'ida, kamba kuwa duka biyun ba su fita daga abin da kamfani ya rubuta ba. Ƙafafun suna nan da gwamensu, mai facin Wunti har yau in ya gan su sai ya girgiza kai. Na ce wa yaron bayan zuwa Gombe uku ya kawo mini motar, na ajiye kwalin ashana da rula a aljihun ƙofarta.